Tafkin Adawiyya

Wayyo Allah! Da sanyin safiya Adawiyya ta iso bakin tafkinta da bokitin abincin kifi a hannu, sai ta tarar da tarwaɗar da ta yi wata da watanni tana raino duk sun taso saman ruwa, cikinsu a sama, ko motsi babu. Bokitin ya suɓuce mata, ta zube a gurin ta ɗora hannu a ka. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un... Ya Allah, me na yi?" Kuka take har numfashinta na sarƙewa.

Duk wanda ya san Adawiyya a ƙauyen nan na wajen Garo ya san tafkin nan da hawaye aka gina shi. Ita kaɗai iyayenta suka bari a duniya. Da aka zo rabon gonar mahaifinta ta bakin fadama, ƙaninsa Baffa Haladu ya zaɓe ɓangare mai kyau ya shuka tumatir na kaiwa Kudu, ita kuwa ya nuna mata ramin da ya gama sayar wa masu tifa ƙasarsa, wai ga rabonta nan. Baiwar Allah ta karɓa. Ruwan fadama ya cika ramin, ta je Kabo ta koyi kiwon kifi, ta sayar da tunkiyar da uwarta ta bar mata ta zuba 'ya'yan tarwaɗa. Kai, yarinyar nan akwai zuciya! Kafin a ce me, matan ƙauye sun kawo nasu jarin tana yi musu kiwo, makarantu na kawo ɗalibai kallo, ranar Sallah kuwa har daga Gwarzo da Kano mutane ke zuwa su zauna gindin mangwaro ana gasa musu kifi. Shi kansa Baffan da ya zo neman ruwan tafkin don tumatirinsa, da yake ruwan kifi taki ne, cewa ta yi, "Baffa, ai ba sai ka tambaya ba, kafa injinka kawai."

To ashe alherin nan ma ciwo yake masa, tun da ya ga ramin da ya raina ya fi gonarsa kawo albarka.

Kafin hantsi labarin mutuwar kifi ya zaga gari, kuma da wata muguwar magana a bayansa. Baffa Haladu ne ya tsaya a ƙofar dagaci yana share hawayen ƙarya. "Ranka ya daɗe, 'yar ɗan'uwana ce, amma gaskiya ɗaya ce. Mushen kaji take ba kifin nan, shi ya jawo musu annoba. Haka ta daɗe tana ciyar da Musulmi ƙazanta! A karɓe tafkin a ba ni in cike shi, kafin ta kashe mutane."

Haba! Nan da nan matan da jiya suke sa mata albarka suka cika mata gida, wannan ta zage ta, waccan ta ce a biya ta kifinta. Masu sarin kifi suka daina ɗaga wayarta. Ko gaisuwarta aka daina amsawa a hanya. Tsohuwa ɗaya ce ta tsaya mata, Inna Gwamma maƙwabciyarsu, wadda ta riƙe ta tun rasuwar uwarta.

"Inna, wallahi ban taɓa ba su mushe ba," in ji Adawiyya, ta kifa kai a cinyar tsohuwar. "Kifin bai dame ni ba kamar sunana... Kuma ramin nan shi kaɗai ya rage mini na Babana."

"Yi shiru 'yar nan," Inna Gwamma ta ce, ita ma idonta sharkaf. "Ni shaida ce, da kuɗin kalacinki kike saya musu abinci ki wuni da yunwa. Tashi ki yi alwala. Wanda ya ga komai yana nan, ba ya barci."

Ranar da dagaci ya sa don a je a ga tafkin a yanke hukunci, jama'a suka ɗunguma a bayansa, Baffa Haladu a gaba ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, Adawiyya can baya tana jan ƙafa. Suna karyo kwanar fadama sai ga ƙarar injin ban ruwa, tut-tut-tut... Badamasi ne, mai yi wa Baffan aiki. An ce masa kada ya tada inji kwana biyun nan, ba a gaya masa dalili ba, shi kuma ya ga tumatir na yaushi a rana, tausayi ya kama shi ya saki ruwan tafkin tun safe.

Baffa Haladu ya yi tsalle ya kwasa a guje, hula ta yi nata guri, yana kururuwa. "Badamasi kashe! Kashe injin, ka kashe ni! Maganin ƙone ciyawa ne a ruwan, galan guda ne!"

Dagaci ya tako a hankali ya tsaya a kansa. "Malam Haladu, mu annoba ka ce mana. Wa ya gaya maka akwai magani a ruwan, har ka san yawansa?"

Gumi ya jiƙa babbar rigar Baffa Haladu, ya duba gabas ya duba yamma, ƙarshe ya durƙushe a cikin taɓo. Inna Gwamma ta rangaɗa kabbara. Matan nan suka yo kan Adawiyya suna kuka suna neman gafara, ita kuwa tana ta maimaita "Alhamdulillahi... Alhamdulillahi," hawaye na bin kuncinta.

Kafin mako ya zagayo tumatirin Baffa ya ƙone ƙurmus, ko kwando ɗaya bai ɗora a mota ba. Hukuma ta sa ya biya kifin mutane har sai da ya sayar da injin, aka kuma sake rabon gonar bisa gaskiya. Samarin gari da kansu suka kwashe ruwan gubar suka wanke tafkin.

Da Sallah ta zagayo, motocin baƙi sun cika bakin fadama fiye da da. Kifin farko da aka tsamo, Adawiyya ta gasa shi da hannunta ta rufe a kwano ta miƙa wa Inna Gwamma.

"Inna, a kai wa Baffa. Ƙanin Babana ne, kuma na ji yau ba a ɗora tukunya a gidansa ba."

Da aka ajiye kwanon a gabansa ya buɗe, ya daɗe yana kallon kifin. Ko loma ɗaya ya kasa kaiwa baki, sai ya rufe fuska da hannun riga ya fashe da kuka.