Hannun Don Eleuterio

"Yuleidis, jirgin ruwan Panama ba zai jira ni ba."

"To ya tafi mana..."

Ina shanya na jiyo su, ita da saurayinta Wilfrido. Ba laɓe nake ba, katangar ce gajeriya.

Yuleidis 'yar maƙwabcina ce, Don Eleuterio, wanda zuciyarsa ta gaji, ƙodarsa ma ta bi sahu. Likitocin birnin Montería sun sa ranar yi masa aiki. Kafin nan suka ce kullum a ɗaura masa abin awon hawan jini a damtse, a hura har jini ya tsaya, a ɗan jira, a saki, a sake. Wai in hannu ya saba da rashin jini, zuciya da ƙoda sukan koyi juriya. Ba tabbas, amma a gwada. Ita ke yi safe da yamma, har yatsunta sun ƙage.

"Wilfrido, in na bi ka wa zai hura masa? Yayyena da ko waya ba sa ɗagawa?"

"Ni kuma fa, rabin raina? Aikin jirgin nan don mu na nema."

"Na sani... na gaji ne kawai."

Washegari sai ga Wilfrido cikin farar riga ta sha guga, ya zo roƙon hannunta wajen uban, wato neman aurenta, yadda ake yi a nan. Na bi bayansa da kwanon arepa, wainar masararmu, don ba na son a ba ni labari.

Tsohon na kan kujerar lilo, Yuleidis na hurawa.

"Don Eleuterio, na zo roƙon hannu..."

"Hannu? Madalla, dama yarinyar nan ta gaji. Miƙa masa robar hurawar."

"Baba, ba wannan hannun yake nufi ba."

"Na hagun ma ai ana yi."

Na cusa arepa a baki don kar dariya ta tona ni.

Kunya ta sa Wilfrido ya karɓa, ya hau hurawa. Yatsun tsohon suka yi fari, ya cije leɓe. Yuleidis ta jingina da bango, kafin ka ce me barci ya ɗauke ta a zaune.

"Kunnena ƙalau, ɗana," tsohon ya ce ƙasa-ƙasa. "Na ji abin da ka zo nema. Ɗakin da za su shiga da ni, ba kowa ke fitowa ba. In ka tafi da ita yanzu, har abada ba za ta yafe wa kanta ba. In ka tafi ka bar ta..."



Wilfrido ya daɗe yana kallonta.

"Baba, in saki ko da saura?"

"Da saura."

Jirgin ya tashi babu shi. Auren kuwa kafin ranar aikin aka yi shi. Tsohon ne ya matsa, ya ce da ƙafarsa yake so ya raka ta coci.