Bindigar Ƙafar Gado

"Shekara talatin ina ƙira a garin Bodinga, kuma ba a taɓa fitar da bindiga daga maƙerata ba sai na ɗora ta bisa kafaɗar nan na harba da kaina."

Badaru maƙeri ke nan, zaune a tsakar gida da ƙwaryar fura a gabansa, yana bugun kafaɗarsa ta dama kamar mai lallashin doki. Ya ce akwai wadda ya ƙera wa wani mutumin Mandera, aka harbi gyado da hantsi, harsashin ya huda shi ya wuce, sai bayan azahar aka tsinci barewa kwance a bayan Shagari.

Matarsa Rahamatu tana tankaɗe, ba ta ko ɗaga kai ba. "Jiya zomo ka ce, Malam."

"Zomon shina bayan barewar."

'Yarsu Bahijja ta yi murmushin da bai kai ciki ba. Tana son mahaifinta, don ko ɓarawo ya shigo gidan sai Badaru ya sa shi dariya kafin ya fita. Amma wayar da ke hannunta cike take da saƙonnin murya da maharba ke turawa juna, kuma duk sunan babanta ake ambata. Wani ya ce bindigarsa ta tsage tun harbi na uku. Wani ya ce ya auna birai a gonar gero, ƙotar ta zauna a hannunsa, bututun ya bi biran. Na ƙarshen ne ba na dariya ba. Zayyanu na Horo Birni, tasa ta fashe ta tafi da babban yatsansa. Zayyanu kuwa ƙanen Malam Haliru ne, shi kuma Malam Haliru shi ne shugaban maharban ƙauyen, mahaifin Maniru, wanda aka sa ranar aurensa da Bahijja bayan cirar albasa.

Ta kuma san abin da maharban ba su sani ba. Tun da bututu mai kauri ya yi wuyar samu, gadon ƙarfen da aka kawo Inna, mahaifiyarta, da shi gidan ya fara rasa ƙafafu, ɗaya bayan ɗaya. Yanzu bulo uku ke riƙe da shi.

Da la'asar Maniru ya zo a kan babur, ya tsaya a zaure, fuskarsa ba walwala.

"Baba ya ce a dakata da maganar," in ji shi. "Wai ba ya haɗa zuri'a da gidan da ya nakasa ɗan'uwansa."

Hawaye suka cika mata ido. "Kai fa, mi ka ce?"

"Ni na ce in ba ke ba, sai dai in auri babur ɗin nan. Ke, daina kuka, akwai hanya. Babanki ya aika cewa Baffa Zayyanu ne ya cika albarushi ya wuce misali. Ya ce su taho ran Asabar, zai ba ni sabuwa kyauta, orijina, in harba gabansu. In ta tashi lafiya, magana ta koma inda take."

"Kai za ka harba?"

"Ni mana."

"Maniru, ba haka ake gwajin sabuwar bindiga ba, kai ma ka sani. A ɗaure ta jikin itace, a ja kunamar da dogon zare daga nesa."

"Na sani. To amma ya ce ya riga ya gwada da kafaɗarsa. In ce a kawo zare, na ƙaryata surukina gaban jama'a ke nan. Wane ido zan dube shi da shi? Ba matsala, ai da garanti."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Da ya tafi ta wuce ɗakin Inna ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado. Bulo huɗu.

Ta sami babanta a maƙera yana goge sabuwar bindigar da mai. Ta yi kyau ƙwarai, har da zanen ganye a ƙota.

"Baba, don Allah kar ka ba Maniru wagga."

"Ɗiyata, wagga ko mace ta harba ta, kamar ta yi atishawa ne."

"Ƙafar gadon Inna ce."

Ya yi tari. "Ƙarfen da ne. Ƙarfen da ya fi na yanzu. Shekara ashirin da biyar yana ɗauke da uwarki bai lanƙwashe ba, albarushi cokali guda ne zai gagare shi?"

"Na Baffa Zayyanu ma ƙarfen da ne."

Badaru ya ci gaba da gugar da ba ta buƙatar guga. Can ya ce, a hankali, "In na janye yanzu, sunana ya mutu, auren naki ma ya mutu. Harbi ɗaya ne, Bahijja. Ɗaya tak. Za ta ɗauka, in sha Allahu."

Kwana uku Bahijja ta yi tana juya maganar a ranta. In ta faɗa wa Maniru gaskiya, ta tona asirin mahaifinta ga surukai. In ta yi shiru, hannun da za a ɗaura mata aure da mai shi ne a kan ƙafar gado. Rahamatu ta same ta tana kuka a bayan rumbu, ta zauna kusa da ita.

"Ubanki ba mugu ba ne," ta ce. "Bakinsa ne ya yi masa girma, ya shige ciki ya kasa fitowa. Ni na yi magana har na gaji."

Ranar Asabar da hantsi Malam Haliru ya iso da maharba shida, Zayyanu a cikinsu da hannu a naɗe. Aka shimfiɗa tabarmi a filin bayan maƙera, ƙarƙashin wata tsohuwar bedi. Badaru ya ɗura albarushi yana ba da labarin gyadon Mandera, wanda yau ya zama biyu. Ya miƙa wa Maniru bindigar. Maniru ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna.

Sai ga Bahijja cikin hijabi, ɗauke da butar ruwa. Ta durƙusa ta gaida manya ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye butar, ta juya ta zare bindigar daga hannun Maniru kafin ya gane abin da ake ciki.

"Ku gafarce ni, iyayena," ta ce. "Baba ya ce ko mace ta harba ta. Kayan gidanmu ne, ɗiyar gida ta kamata ta fara."

Ta ɗora ƙotar a kafaɗa, ta kwantar da kumatu kamar yadda ta ga ana yi, ta kai yatsa.

Ba wanda ya taɓa ganin Badaru ya yi sauri irin na ranar. Tsalle ɗaya ya yi ya danƙe bututun ya ɗaga shi sama.

"Sake ta, Bahijja! Sake, don girman Allah."

"Ba ka gwada ba, Baba?"

Ya dubi maharban, ya dubi hannun Zayyanu, ya dubi 'yarsa. Ya zauna daɓas a ƙasa da bindigar a cinya.

"Ban gwada ba," ya ce. "Ban taɓa gwada ko ɗaya ba. Ni ƙarar ma ba na so."

Malam Haliru ya miƙe. Ya sa aka ɗaure bindigar a jikin bedi, aka ja zare har bakin katanga, kowa ya matsa. Zayyanu ne ya ja da hannunsa mai lafiya. Ƙarar ta tada tantabarun unguwa, da hayaƙi ya washe kuwa, bututun ya buɗe kamar furen kabewa, ɓawon itacen ya ɗaye daidai inda fuskar mutum za ta kasance.

Maniru ya dafa katanga. Malam Haliru ya saɓa babbar rigarsa, ya tafi da mutanensa ba sallama.

Aka cire albasa, ranar da aka sa ta zo ta wuce. 'Yan unguwa suka sami abin faɗi a bakin rijiya, Bahijja ta toshe kunne. Maniru bai daina zuwa ba, ko da yake gaisuwa ce kawai a zaure, ya koma. Shi kuwa Badaru, ya ari keke ya bi ƙauyuka, Mandera, Horo Birni, har rugagen da ke bayansu, yana karɓo bindigoginsa ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri. Wasu suka zage shi, wani ya sakar masa kare. Ya narkar da su duka ya ƙera fartanya da lauje ya mayar wa masu su. Da damina ta faɗi, shi ya yi wa Zayyanu noman farko da na biyu, bayansa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Bayan an yanke gero Malam Haliru ya zo da kansa.

"Ban zo don kai ba, Badaru," ya ce. "Yarinyar da ta sa fuskarta inda ɗana zai sa tasa, kuma ba ta buɗe baki ta zagi ubanta ba, ba zan bari ta shiga wani gida ba."

Aka ɗaura aure ranar Juma'a. Haƙurin Bahijja bai faɗi ƙasa banza ba. Mai sana'ar da ya ha'inci masu sayen kayansa, ya sani wata rana na gidansa ne zai tsaya a gaban abin da ya ƙera, kuma sunan da ƙarya ta ɓata, gumi ne kaɗai ke wanke shi.

Da yamma, ana cin tuwon biki a ƙofar gida, Badaru ya sami baƙi daga Sakkwato waɗanda ba su san labarin ba. Ya gyara zama.

"Ranar da ta fashe, kowa ya watse. Maharba fa, masu layu. Ni kaɗai na tsaya, ko ƙiftawa ban yi ba, har wani ɓallin ƙarfe ya wuce ta nan ya gyara mini gemu."

Malam Haliru ya suɗe hannunsa a natse.

"Haka ne, surukina," ya ce. "To wane ne muka ji yana salati cikin akurkin kaji?"