Titin da Ya Ratsa Tsakar Gidan Baba

Taƙaitaccen bayani. A tsawon wata bakwai, wani titi mai taku sittin, wanda ba a taɓa ginawa ba, ya bayyana a taswirar wayoyin jama'a. An share shi sau huɗu, ya dawo sau uku. Lamarin ya shafi ma'aikacin taswira ɗaya, budurwa ɗaya, dattijo ɗaya da bishiyar gwaiba. Ba a hukunta kowa ba, amma an yi aure.

Ma'aikacin shi ne wanda ake kira Ɗan-Ƙafa a ofis, domin shi ake turawa lungunan da motar kamfani ba ta iya shiga. Yakan goya wata na'ura mai kyamara a kan sanda, wadda ke zana hanya duk inda ya taka. Wata Talata da rana tsaka ya shiga wani layi, sai ya tarar layin ya ƙare a bakin koren get. Yana tsaye yana share gumi, wata budurwa ta leƙo da bokiti a hannu.

"Malam, wa kake nema, kai da wannan abu mai ido a bisa kanka?"

"Babban titi nake nema."

"Yana bayan gidanmu. In ka zagaya, minti ashirin ne. In ka bi ta tsakar gida, minti ɗaya. Baba ba ya nan."

Sashe na farko na ƙa'idar aiki ya ce a kashe na'ura kafin a shiga gidan mutane. Ɗan-Ƙafa ya san wannan sashe, shi ma yake koya wa sababbin ma'aikata. Sai dai a lokacin budurwar tana murmushi, kuma ƙa'idar ba ta yi tanadin haka ba. Ya bi ta a baya, suka wuce igiyar shanya, suka wuce gwaiba, ta buɗe masa ƙaramar ƙofar baya. Ya tambayi sunanta, ta ce kowa Auta yake ce mata. Na'urar kuwa tana ta aikinta da aminci.

Bayan mako biyu aka fara buga get. Masu baburan kai saƙo ne suka fara zuwa, sai tasi, sai wata babbar motar siminti, wadda direbanta ya nuna wa Baba waya ya ce, "Dattijo, ni dai nan aka ce in miƙe." Baba tsohon shugaban makaranta ne, bai saba a nuna masa hanya a gidansa ba. Ya rubuta ƙorafi shafi uku da alƙalami, aka turo Ɗan-Ƙafa ya ba da haƙuri.

Ya ba da haƙurin, ya share titin a ranar. Daga nan ya ga ya dace ya riƙa zuwa duba ko gyaran ya zauna, kullum da yamma, daidai lokacin da Baba yake wajen abokansa. Da ya ji tarin Baba a bakin get, sai ya fice ta ƙofar baya.

Ya rubuta mata: "Masaukina, na taka layi dubu a aikin nan, ɗaya ne kawai ya hana ni sukuni."

Ta amsa: "Ɓataccena, layin da ba ya ɓullewa ko'ina? Ka dai zo da wuri, Inna ta ce kana rama."

A wata na uku kawunsa ya je wajen Baba neman masa izinin auren Auta. Baba ya saurara har ƙarshe, ya gyara tabarau.

"Yaron da ya mai da tsakar gidana hanyar gwamnati? Titin nasa ya dawo tun shekaranjiya, an karya min reshen gwaiba da madubin mota. Ranar da ya fita daga wayoyin mutane fita ta har abada, ku dawo. Kafin nan kada in ga ƙafarsa."

Ɗan-Ƙafa ya sake sharewa. Bayan kwana tara ya dawo. Ya share a karo na uku, ya zauna yana sabunta shafin kamar mai jinya, yana tashi yana zama, har shugabar sashensu ta ce ya daina girgiza mata tebur. Da titin ya sake dawowa, ita ce ta yi masa bayani.

"Sabon tsarin nan ya fi yarda da ƙafa a kan hannu. Kai kana sharewa da hannu, shi kuwa yana ganin waya ta shiga ta gaba ta fita ta baya, sai ya ce ai hanya ce. Sai an yi kwana talatin cur babu wayar da ta ratsa, sannan zai haƙura. Wa ke bi ta gidan?"

Ya ce zai bincika, yana kallon takalmansa.

Amma tun ranar da Baba ya yanke hukunci bai sake zuwa ba, kuma ga shi a allo: kullum ƙarfe huɗu da rabi, waya ɗaya tana ratsa gidan. Tsarin ba ya faɗin mai ita. Abin da ya nuna kawai shi ne tana tsayawa minti biyu a tsakiya kafin ta wuce.

Minti biyun nan suka hana shi cin abinci. Akwai wani mai babur, Mai Jar Hula, wanda taswirar ta kai shi gidan bisa kuskure, ya ga Auta, ya mai da kuskuren sana'a. Ɗan-Ƙafa ya rubuta saƙo ya goge, ya sake rubutawa, a ƙarshe ya aika mafi munin cikinsu.

"Wa kike buɗe wa ƙofa ƙarfe huɗu da rabi?"

"Ƙarfe huɗu da rabi ina wajen koyon ɗinki, ka sani. In na'urarka ce za ta ba ka labarina, ka aure ta, da ma a bayanka take kwana."

Kwana uku ba ta amsa kiransa ba. A rana ta huɗu ya bar wayarsa a aljihun tebur, ya je ya laɓe a rumfar mai faci da ke kallon ƙofar baya. Ya duba agogo ya fi sau goma. Huɗu da rabi da minti uku ƙofar ta buɗe. Baba ne ya fito, jarida a hammata, wayar da Auta ta saya masa tana leƙowa daga aljihun gaba.

Abin a bayyane yake. Kullum Baba yakan je bakin layi ya sayi jarida, ya dawo ya ratsa gidansa, ya fita ta baya zuwa bencin abokansa. Shekara ashirin ke nan yana haka, sai dai a da babu waya.

Ɗan-Ƙafa ya fara zuwa wajen Auta ta hannun Inna, da takardar ban haƙuri. Auta ta amsa da layi ɗaya: "Mai Jar Hula tun watan jiya Baba ya kore shi da tiyo. Kai kuma ina nazarin hukuncinka." Inna ce ta sama masa ganawa da Baba a falo, bisa sharaɗin kada ya ce wa Baba ya yi kuskure, domin ba a taɓa faɗa masa haka ba, kuma ba ta ga dalilin farawa yanzu ba.

Ya durƙusa, ya ajiye kwamfuta a kan ƙaramin tebur.

"Baba, laifin farko nawa ne, ni na shiga da na'ura a kunne. Wanda ya rage kuwa wata waya ce da ban san mai ita ba. Tana tasowa daga wajen mai jarida, ta shigo, ta tsaya minti biyu a nan, ta fita ta baya."

Baba ya daɗe yana kallon ɗigon da ke kan allon. Daidai gindin gwaiba yake, inda yakan tsaya ya duba reshen da ya ɗaure da tsumma.

"Ba ka san mai ita ba?"

"Tsarin ba ya faɗa, Baba."

"Tsarin yana da ladabi." Ya cire tabarau ya goge. "Kwana nawa ka ce?"

"Talatin. Amma in mai wayar ya bar ta a ɗaki, zai iya bi ta..."

"Mai wayar bai nemi shawararka ba."

Washegari aka ga Baba yana zagayawa ta doguwar hanya, waya a aljihu, jarida a hammata. Haka ya yi kwana talatin. Ɗan-Ƙafa kuwa kullum da safe sai ya aika wa Auta adadin da ya rage.

"Saura sha ɗaya, Masaukina."

"Na sani, Ɓataccena. Inna ma tana ƙirgawa, ita ke shafa wa Baba magani a gwiwa."

A rana ta talatin da ɗaya titin, wanda aka share a karo na huɗu, bai dawo ba. Ɗan-Ƙafa ya yi ta sabunta shafin har shugabarsa ta cire wayar wutar kwamfutar da hannunta, ta ce ya tafi ya gaya wa kawunsa.

Ranar ɗaurin aure dangin ango suka makara da awa guda, domin yanzu taswirar ba ta san da komai a ƙarshen layin ba. Baba da kansa ya tsaya a bakin layi yana nuna wa motoci hanya da jarida. Da aka gama ya kama hannun angon, ya ce, "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa ka san inda za ka tsaya." Auta ta fita daga gidan ta get ɗin gaba, bisa umarnin mahaifinta, wayoyi duka a kashe.

Abin da lamarin ya ci: reshen gwaiba ɗaya, wanda ya warke. Takardar gargaɗi ɗaya a fayil ɗin ango, wadda tana nan. Kwana uku na gaba tsakanin masoya. Takalmin Baba ƙafa biyu, da kwalbar maganin gwiwa biyu da rabi. Auta ɗaya, wadda Baba ya ce ita ce ba a mayar masa ba.