Bayan Kati

Chizuru ta tare ƙofar shago, hannunta jiƙe da ruwan waken suya.

"Baba, in Khoa ya tafi, ni ma na tafi."

Ni ba na maimaita magana.

Shekara arba'in ina yin awara a unguwar nan, hukuma ba ta taɓa kirana ba. Khoa ɗan Biyetnam ne, shekara uku yana tafasa min wake. Na san yana son 'yata tilo. Na san ita ma tana son sa. Ban so ba.

Noboru, ɗan mai shinkafa, wanda ya daɗe yana neman Chizuru, shi ya raɗa min wai katin izinin zaman Khoa a ƙasar ya mutu. Na ce Khoa ya kawo. Na karɓa da hannu biyu, yadda ake karɓar katin mutum a Japan, na duba kwanan wata. Ya wuce da kwana tara. Ban juya katin ba. A tarbiyyarmu ba a jujjuya katin mutum a gabansa kamar kifi a kasuwa.

Na ce kar ya sake zuwa, doka ta hana. Ya buɗe baki, ya rufe, ya rusuna ya fita. Ba zan ɓoye ba, raina ya yi daɗi.

Kwana uku Chizuru ba ta ci abinci tare da ni ba. Awarar ma ta ƙi kamawa.

Ran na huɗu jami'an shige da fice suka zo. Ashe Noboru ne ya kai ƙara. Suka ce a kira Khoa, Chizuru ta ruga ta zo da shi tana riƙe da hannun rigarsa.

"Kar ka ji tsoro, masoyina... ina nan."

A gabana ta faɗi haka!

Wata jami'a ta karɓi katin, ta juya shi. Akwai tambari a baya. Ta ce yaron ya nemi sabuntawa tun kafin wa'adi, yana da izinin aiki har amsa ta fito. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Tsoho, kati fuska biyu gare shi."

Da suka tafi na tambayi Khoa me ya hana shi magana.

"Maigida, kai ka koya min in babba ya yanke magana ba a ƙara."

Na rusuna masa har bayana ya yi ƙara. Ko mahaifina ban yi wa haka ba. Na gode wa matar nan da ta kunyata ni. Na gode wa 'yata da ta fi ni taurin kai.

Da bazara suka kawo takardar aure in buga hatimina a matsayin shaida. Na karɓa da hannu biyu. Na juya ta.

"Baba, ai babu komai a baya," in ji Khoa.

"Rufe min baki, ɗana. Dubawa nake."