Ɓerayen Zahradeen

"Kai ka ja mana, masoyina... kai ka ja mana."

Muryar Ulfa ce a waya. Zahradeen na saurare daga can Kankia, ya kuwa san abin da ya yi.

Jiya ne ya zo Bauranya gaishe da iyayenta, ya tarar ana zuba damman gero a rumbu. Yayanta Ashiru ya miƙa masa dami cikin raha, ya ce ango ya hau ya jera, a ga ƙarfin wanda za a ba ƙanwa. Zahradeen ya ja da baya, ya ce a yi masa afuwa, bai ƙara kalma ba. Kafin la'asar magana ta zaga gida: ɗan boko ya ƙyamaci rumbun surukansa. Mahaifiyar Ulfa, Inna Rabi, ta ce a aika wa mutanen Kankia su dakata da zuwa sa rana.

Ulfa kaɗai ta san dalili. A Zariya yake aiki, inda ake gwada sabon magani a jikin fararen ɓeraye kafin a yarda mutum ya sha. Na yanzu na masu sikila ne. Su ba ɓerayen maganin, su duba jininsu da saifarsu, su ga ko ya raunana garkuwar jiki. Dokar wurin ce, mai kula da su ba ya kusantar inda ɓeran gida ke zama. In ya kwaso cuta ya kai musu, ba mai iya rabe ɓarnar magani da ta cuta.

"To mi ya hana ka faɗa musu?" in ji Ulfa a wayar.

"In tsaya gaban Baba in ce saboda ɓera? Kunya ta kama ni, rabin raina..."

Ta kashe wayar ta share hawaye. Shi kunya ta rufe masa baki, ita kuma ba a taɓa jin ɗiya ta kare saurayinta gaban mahaifi ba a gidan nan.

Da hantsi ta ɗauki furar mahaifinta Malam Haladu ta kai masa gindin darbejiya. Ta ajiye, ta durƙusa, ba ta tashi ba. Malam ya dube ta ta saman tabarau, ya ce yana jin ta.

Kanta a ƙasa ta fara, maganar na sarƙe mata. Ta faɗi aikin, ta faɗi dokar. Ta ce in sakamakon ya gurɓace, ana iya amincewa da maganin da ke karya garkuwar yara, ko a zubar da wanda zai taimake su. Malam bai katse ta ba. Ashiru da ya zo wucewa ya tsaya, ya ce lallai zamani ya zo, ɓera ya samu dogari.

Malam ya ɗaga masa hannu.

"In da ya hau rumbun, ya koma wurin aikinsa ya yi shiru, wa zai sani?"

"Ba kowa, Baba," in ji Ulfa.

Malam ya daɗe yana juya ludayi a cikin ƙwarya. Daga bayan zana Ulfa ta ji motsin Inna, ashe ita ma tana saurare.

"Ya zaɓi a zage shi," in ji Malam a hankali, "da ya ci amanar yaran da bai taɓa gani ba. Ashiru, kira mutanen Kankia. Ka ce su zo yadda aka shirya."

Inna ta leƙo tana cewa ita dai ba ruwanta, kada a kawo mata ɓera cikin lefe. Amma Ulfa ta ga tana danne murmushi da gefen zane.

Sai a lokacin kunyar ta rufe Ulfa. Ta miƙe za ta gudu, Malam ya kira ta.

"Ulfa. Ki ce masa ya daina jin kunyar aikinsa. Ke kuma..." ya girgiza kai, yana dariya ƙasa-ƙasa, "taki kunyar ki tafi ki nemo ta, za a buƙace ta ranar biki."

Ta faɗa ɗaki ta turo ƙofa. Ta lalubo lambarsa, ya ɗauka tun kafin wayar ta gama ƙara.

"Ulfa? Mi ya faru?"

Ta buɗe baki, dariya da kuka suka fito tare.

"Ka ce wa Hajiyarku ta fara ɗinkin biki."