Tukunyar Inna Lei Mai Gida Tara

Tukunyar romon da ake ci tare a tsakiyar tebur ba ta gama hucewa ba Sufeto Ran Meili ta shigo gidan abincin Inna Lei, a wani lungun birnin Chongqing na ƙasar Sin. Kujeru a kife, tsinkayen cin abinci a warwatse a ƙasa. Tsoho Pu ya cika a hanyar asibiti. 'Yarsa Yan da saurayinta Kang Rui suna kwance ana ƙara musu ruwa. Likita ya ce maganin ɓera ne.

An riga an sa wa Inna Lei ankwa. Shugaban Ran ya yanke hukunci tun a waya: mutum uku sun ci, ukun sun kwanta, to daga kicin ne, kafin a tashi aiki a rubuta mata kisan kai. Ran kuwa tun tana 'yar makaranta take cin tumbi a teburan nan.

"Inna, an ce kun yi cacar baki da marigayin."

"Yau muka fara? Ya ce yajina ya yi sanyi, na ce harshensa ne ya tsufa. Sai in kashe shi, 'yar nan?"

"Wa ya haɗa romon?"

"Ni. Daga babbar tukunya na ɗebo, wadda kowane tebur ya ci."

Sauran teburan kuwa ko ciwon kai babu wanda ya yi. Ran ta sa safar hannu ta ɗago ƙarfen da ke raba tukunyar teburin marigayin gida tara. Kitsen shanu ya fara daskarewa a jikinsa, jajir. A gida ɗaya tak, wanda ke fuskantar kujerar tsohon, wani gari mai ruwan toka ya manne a kitsen. Ashe a kan tebur aka zuba. Ta sa ƙarfen a leda, ba ta gaya wa kowa abin da ta gani ba.

A asibiti ta fara da Yan.

"Daga wane gida kika ci?"

Yan ta dube ta da jajayen idanu. "Sufeto, ba 'yar garin nan ba ce ke? Wane gida kuma? Ƙarfen bai kai gindin tukunya ba, romon ta ƙasa yake zagayawa. Ɗan yaye ma ya sani."

"Kin tashi daga teburin?"

"Na raka Baba wanke hannu. Jibi fa zai tafi Harbin, can arewa, wai sai ya ga iyayen Kang da kamfaninsa da idonsa kafin a sa rana." Kuka ya ci ƙarfinta.

Ran ta fita ta kira 'yan sandan Harbin, ta yi ta safa da marwa har suka amsa. Sannan ta shiga wurin Kang. Dogo ne, mai taushin murya, irin waɗanda ke gaishe ka sau biyu.

"Ka saba cin tukunyarmu?"

"Ina fa, ranki ya daɗe. Mu 'yan arewa farin romo muka sani. Yau ne Baba ya matsa sai na ɗanɗana mai gida tara."

"Daga wane gida ka ci?"

"Nawa kawai, na gabana. Shi ya sa abin ya ɗaure min kai. Ko kusa da na Baba tsinkena bai je ba, ta yaya ya same ni?"

"Me ke cikin na Baba?"

Kang ya kawar da kansa gefe.

"Kowa a garin nan kicin yake zargi," in ji Ran. "Ban gaya wa kowa inda na ga garin ba. Kai kaɗai ka sani, don kai ka zuba da suka tafi wanke hannu. Harbin sun ce babu kamfani mai sunan da ka ba su, kuma jibi tsohon zai gano. Ɗan garin nan ba zai zuba guba a gida ɗaya ya ci gaba da ci a wani ba. Kai ka ɗauka tukwane tara ne, ka zauna kana ta loma hankali kwance."

Fuskar Kang ta yi fari fat.

Da kanta Ran ta koma ta buɗe ankwar. Inna Lei ta murza wuyan hannunta, ta daɗe tana kallon teburin da aka kewaye da igiya.

"An wanke ki, Inna. Gobe ma kina iya buɗewa."

"In buɗe wa ya zage ni?" in ji ta. "Tun gashinsa na baƙi yake kushe romona, amma bai taɓa cin na wani ba."