Sinasir na Mutum Goma

"Ba ni kwandon ki juya. Ba a shiga."

Falmata ta dubi budurwar da ta tare ƙofar zaure. Ba ta taɓa ganinta ba, amma ta san sunanta: Bashira, 'yar ƙanwar Hajiya Ummussalma, wadda ta tare a gidan tana jinya tun da aka sallamo Hajiya daga asibiti.

"Gaishe ta kawai zan yi," in ji Falmata. "Karin kumallonta ne. An tura Sa'idu Birniwa da asuba, bai samu zuwa ya karɓa ba."

"Na ce ki ba ni!"

Murya ta taso daga tsakar gida. "Bashira, wa kike wa tsawa da sassafe? Bar ta ta shigo."

Hajiya na zaune a kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, ga ledar magunguna a gefenta. Ƙarfe takwas saura kwata, amma zafin bazara ya riga ya sauko. Falmata ta cire takalmi, ta durƙusa, ta gaishe ta da jiki.

"Da sauƙi, alhamdulillahi. 'Yar wane gida ce ke?"

Tambayar ta ba Falmata mamaki. Kwana arba'in da ɗaya ke nan tana aiko wa matar nan abinci kowace safiya ta hannun ɗanta Sa'idu, kuma kowace yamma yana dawo mata da saƙon godiya.

"Falmata ce, Hajiya. 'Yar Malam Modu na Gagulmari."

Hajiya ta ajiye carbinta.

Duk mai noma a bakin kogi ya san labarin gidajen biyu. Shekara goma sha biyu da suka wuce, mahaifin Sa'idu da Malam Modu sun yi shari'a a kan wani yanki na fadama. Kotu ta ba Malam Modu. Shekara na zagayowa mahaifin Sa'idu ya rasu, Hajiya kuma ta rantse a gaban mutane cewa abin da ya tsiro a wannan ƙasa ba zai shiga bakinta ba. Sa'idu malamin gona ne. A fadamar ya haɗu da Falmata bara, ranar da ya zo duba tsutsar da ta kama kankana. Da ya gaya wa mahaifiyarsa yana son aurenta, ta ce kada ya sake kawo mata maganar.

Sai Hajiya ta kwanta ciwo. Ta warke, amma ta kasa cin abinci. Likita ya hana ta maiƙo, ya ce a ba ta abu mara nauyi da 'ya'yan itace. Falmata ce ta ce bari ta gwada sinasir irin na kakarta Yagana, ƙanana, kowanne kamar murfin kofi, da zuma da yankakkiyar kankana. A ranar farko ta tambayi Sa'idu zancen rantsuwar. Ya ce Hajiya ta yi kaffara ta janye, kuma ta san daga inda abincin yake.

"Me ya kawo ki gidana?" in ji Hajiya.

"Karin kumallon na kawo. Na ji tsoron kada ki sha magani ba komai a cikinki."

"Wane karin kumallo? Bashira ke yi min."

Falmata ta buɗe kwandon, ta fito da kwano biyu, ta ɗaga murafen. Sinasir bakwai, farare, samansu da ƙananan ramuka. Kankana an yanka ta daidai loma, babu ɗa ko ɗaya a cikinta. Sa'idu ya taɓa ce mata haƙoran Hajiya na ciwo, shi ya sa take cire 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya da tsinke.

Hajiya ta daɗe tana kallon kwanukan.

"Bashira, ina nawa na yau?"

"Inna, yau kullun ne bai tashi ba…"

"Yau da Sa'idu ba ya gari."

"Wallahi Inna, kwaikwayona ta yi! Wani ya gaya mata yadda nake yi!"

"Kwana arba'in ban taɓa jin ƙamshin suya a gidan nan ba," in ji Hajiya a hankali. "Na ɗauka ciwo ne ya toshe min hanci." Ta juya ga Falmata. "Kankanar daga ina take?"

"Daga fadamarmu. Shinkafar ma."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Hajiya ta rufe bakinta da hannu. A nan Falmata ta gane ba a yi wata kaffara ba.

"Hajiya, ya ce min kin janye rantsuwar. Da na sani…"

"Ɗauki kayanki, yarinya. Je ki gida."

Ta mayar da kwanukan cikin kwando. Bashira ta biyo ta har zaure.

"Tunda kin tona, ki ji sauran. A nan yake miƙo min kwandon, ni kuma in juye a kwanonmu. Ni na kawo dabarar, amma bai musa ba ko sau ɗaya. Kuma ranar Juma'a Baffansa zai je nema masa aurena. Inna ta ce wadda ta tashe ta daga ciwo ita ce surukarta. Yana zaune aka yanke. Ya ce to."

Falmata ta sa takalminta, ta tare keke a bakin titin Majema, unguwar su Hajiya. Ba ta yi kuka ba har ta isa gida. Ƙannenta suka cinye sinasir ɗin.

Bayan La'asar babur ɗin Sa'idu ya tsaya a ƙofar gidansu. Ta fito ta tsaya a bakin zaure, ba ta kawo tabarma ba.

"Falmatata… farin cikina, ki saurare ni."

"Ina ji."

"Ai na ce miki ki bari yau kawai. Me ya sa kika je?"

"Abin da za ka fara tambaya ke nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Ranar farko na yi niyyar gaya mata. Sai na ga ta cinye duka, ta nemi ƙari. Mako uku ba ta ci abin kirki ba, Falmata! In na ce daga gidanku ne za ta daina. Na ce bari ta ƙara ƙarfi tukuna."

"Ta yi ƙarfi tun mako na biyu. Kai ka gaya min har ta fara zuwa masallaci."

"Kullum ina cewa gobe…"

"Saƙonnin fa? 'Hajiya ta ce Allah ya yi miki albarka.' 'Hajiya ta ce a ƙara zuma.' Kai kake ƙirƙira?"

"A'a, wallahi ita take faɗa."

"Ga wa?"

Ya kau da kai.

"Ga wa take faɗa, Sa'idu?"

"Ga Bashira."

Falmata ta gyaɗa kai. Kwana arba'in tana amsa amin ga addu'ar da ba ita aka yi wa ba.

"Juma'ar fa?"

"Ba zan bari a je ba! Na ce to ne don kada jininta ya hau. Ke nake so, rabin raina, kin sani. Ina neman dabarar da zan warware."

"Yau Talata."

"Na sani."

"Gobe da safe da za ka zo karɓar kwandon?"

Ya kau da ido ya dubi babur ɗinsa. Ta koma cikin gida.

Kakarta Yagana na zaune a bakin murhu tana tsince shinkafa, kuma ta ji komai, don zauren ba shi da nisa.

"In jiƙa ta gobe ko in bari?"

"Bari, Kaka."

"To. Shi ɗin ma kin bar shi ko kin jiƙa shi ne?"

"Kaka!"

"Tambaya na yi. Ni dai tun ranar da na ga yana karɓar kwando yana waige-waige na ce wannan ba ɗan aike ba ne, ɗan sumoga ne."

Falmata ta yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye. Yagana ta bar ta ta yi, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Laraba da Alhamis ba a kunna murhun sinasir ba. Sa'idu ya kira sau goma sha huɗu. Ba ta ɗauka ba.

Ranar Juma'a da hantsi keke ya tsaya a ƙofar gida. Hajiya Ummussalma ce ta sauko, ita kaɗai, tana dogara sanda. Rabon da wani daga gidanta ya taka wannan zaure tun kafin shari'ar. Malam Modu da kansa ya shimfiɗa mata darduma. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, suka yi wa mamacin addu'a, ba wanda ya ambaci fadama.

"Wurin 'yarka na zo," in ji ta.

Falmata ta fito ta durƙusa.

"Bashira ta koma gidansu. Na aika wa Baffan Sa'idu ba inda za a je yau. Na kuma tambayi malam a kan rantsuwata. Ya ce abin da na ci ban sani ba, babu laifi a kaina." Ta gyara zama. "Amma kwana uku ke nan ban ci komai ba sai koko. Ina so in ci da sanina. Ya ce in haka ne sai in yi kaffara, in ciyar da mabukata goma."

"Allah ya karɓa, Hajiya."

"Ke nake so ki dafa. Zan aiko da shinkafa daga rumbuna, don ciyarwar tawa ce. Sinasir na mutum goma, manya, da miya. Sai kuma nawa, ƙananan, da kankanar fadamarku. Za ki yi min?"

"Zan yi."

"Albarkar da na yi ta sa wa wata, taki ce. Allah ya san hannun da ya dafa." Hajiya ta dubi Malam Modu, ta sake dubanta. "Game da Sa'idu, na janye. In kina son sa, ni zan turo manya."

Falmata ta dubi ƙasa.

"Hajiya, ki ba ni zuwa gobe."

Da yamma ta jiƙa shinkafar, ta kai niƙa, ta haɗa da dafaffiya da nono kaɗan, ta rufe kullun ya kwana. Da asuba ya tashi har bakin roba. Ta ɗora kasko, ta shafa masa mai da bayan cokali, ta zuba ludayi ɗaya, ta rufe. Sinasir ba a juya shi. Ana jira ne saman ya bushe ya yi ramuka, ƙasan ya yi ja. Ta yi manya talatin, uku ga kowane mutum. Sannan ta sauya ludayi ta yi ƙanana bakwai. Malam Modu ya zaɓo kankana da kansa, ya ƙwanƙwasa uku kafin ya yarda da ɗaya. Ta yanka, ta zauna da tsinke.

Ƙarfe bakwai da rabi ta fito da kwanduna biyu. Sa'idu na tsaye kusa da babur ɗinsa, fuskarsa a sake.

"Masoyiyata! Hajiya ta gaya min komai. Ta yarda, Falmata, ta yarda! Kin ga ashe abin ya zama alheri."

"Ya zama."

"To kawo in kai. Yau da sunanki zan shiga da shi, kowa ya ji."

"Kwana arba'in da ɗaya kana da wannan damar."

"Na yi kuskure, na amsa. Amma don ita na yi, don mu na yi…"

"Ita ka sa ta ci abin da ta rantse a kai. Ni ka sa ni dafa wa wata aure. Da ba a tura ka Birniwa ba, da jiya an sa rana, ni kuma ina nan ina cire 'ya'yan kankana."

"Da ban bari ba."

"Wataƙila. Ni dai abin da ka yi na gani."

Ta cire zoben azurfar da ya ba ta da ƙaramar Sallah, ta ajiye a kan kujerar babur. Ta ɗaga hannu, keke ya tsaya.

"Falmata, don Allah! To me zan ce wa Hajiya?"

Ta sa kwandunan a ciki, ta zauna, ta riƙe ƙaramin a cinyarta don kada zumar ta zube.

"Ba sai ka kai saƙo ba. Ni zan gaya mata da bakina."

Ta ce wa mai keken, "Majema."